Malalar Fetur a Kafireton Injin Ban Ruwa: Yadda Ake Ganewa da Gyarawa

Gabatarwa

Tun daga lokacin da shirin bunƙasa noman fadama na ƙasa ya fara aiki a 1993, wanda Jihar Bauchi na cikin jihohin farko da suka amfana da shi, ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur ya maye gurbin jigo a yawancin fadamun jihar. A yau manomin tumatir ko albasa ko tattasai a gefen dam ɗin Gubi da na Waya, ko a bakin kogin Gongola wajen Dindima, ya dogara kacokan a kan injin mai bakin inci biyu ko inci uku. Mafi yawan waɗannan injuna ƙirar Honda ne, GX120 ko GX160, ko kuma kwaikwayonsu da ake shigowa da su daga Sin.

Daga cikin matsalolin da ke sa manomi ya ɗaure injinsa a bayan babur ya nufi wajen makanikai a kewayen kasuwar Wunti, malalar fetur daga kafireto tana sahun gaba. Makanikai suna kiranta obafulo, manoma kuma su ce inji ya sha mai. Gyaranta ba ya da wuya, kuma sau da yawa abin da ya lalace bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Hasarar tana zuwa ne ta wajen kwanakin da gona ke yi babu ruwa. Tumatir da ke fure a zafin watan Maris, idan ya yi ƙishi na 'yan kwanaki, furen yakan zube, 'ya'yan da suka ƙulla kuma su riƙa ruɓewa ta gindi. Wannan jagora ta yi bayanin yadda malami ko manomi zai gane matsalar a bakin gona, da rawar da fetur mai gauraye da etanol ke takawa a cikinta.

Yadda kafireto ke riƙe mai

Tankin waɗannan injuna yana zaune ne a saman kafireto, don haka fetur yana gangarowa da nauyinsa, ba tare da wani famfo mai tura shi ba. Yana bi ta tiyo, ya ratsa makunnin mai, ya wuce ta wani ɗan ƙoƙon tara datti da ke ƙarƙashin makunnin, sannan ya zuba cikin babban ƙoƙon kafireto. A cikin wannan ƙoƙo akwai wata roba mai iska a ciki wadda ke yawo a saman mai, ana kiranta fulota. A jikinta aka rataya wata 'yar allura mai tsinin baƙar roba. Idan mai ya cika zuwa iyakarsa, sai fulota ta taso ta danna allurar cikin ramin da mai ke shigowa, ta toshe shi. Da inji ya ja mai, sai ta sauka, ƙofar ta sake buɗewa.

Ke nan idan makunnin mai yana buɗe, tsinin wannan allura shi kaɗai ne tsakanin lita uku na fetur da cikin inji. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɓarɓashin tsatsa ya isa ya hana ta rufewa. Daga nan mai zai ci gaba da hawa har ya tsallake iyaka, ya fito ta maƙogwaron kafireto. Wani ya bi ta matatar iska ya ɗiga ƙasa, wani ya shige cikin silinda, ya sulale ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai.

Inda etanol ya shigo

Etanol sinadari ne dangin barasa da ake samu daga rake, rogo, masara ko takanɗa, kuma ƙasashe da dama suna gauraya shi da fetur da gangan. A Amurka yawancin fetur yana ɗauke da kashi 10 cikin 100, a Burazil kuwa ya haura kashi ɗaya cikin huɗu, amma injunansu an ƙera su domin haka. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar makamashi daga tsirrai, wadda ta tanadi gauraya etanol kashi 10 cikin 100 a fetur ɗin Nijeriya. Kamfanin Honda ya yarda a yi amfani da fetur mai etanol a injunansa muddin bai wuce wannan adadi ba. Ga metanol kuwa, wani ɗan uwan etanol da ya fi shi cin roba da ƙarfe, iyakar kashi 5 ce.

An ga abin da ke faruwa idan aka ƙetare waɗannan iyakoki. A 2008 an shigo da fetur da etanol ya yi wa yawa, ya lalata motoci a Legas. A watan Fabrairun 2022 hukumomi suka tabbatar da cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, aka janye shi daga kasuwa, abin da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai na tsawon makonni. Wannan kuwa ya faɗo daidai tsakiyar noman rani. Manomin da ke sayen mai a galan a hannun 'yan bumburutu ba ya da wata takarda da za ta gaya masa abin da ke ciki, ko tsawon kwanakin da man ya yi a ajiye.

Hanyoyin da irin wannan mai ke kai wa ga malala guda uku ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce cin roba. Tsinin allura na asali an yi shi da robar da ke jure etanol kashi 10, amma allurai masu arha da tiyo na gama-gari sukan kumbura su yi laushi, ko su bushe su tsage bayan man ya ƙafe. Tiyo da ya fara narkewa ta ciki yana sakin baƙin ɓarɓashi wanda ke tafiya kai tsaye zuwa bakin allura. Ta biyu ita ce wanke datti: etanol yana narkar da tsohon danƙon mai da ya daskare a bangon tanki ko jarka, ya kwaso shi zuwa kafireto.

Ta uku ita ce babba, wato ruwa. Fetur zalla ba ya haɗuwa da ruwa, amma etanol yana zuƙo laima daga iska ya riƙe ta a cikin mai. Fetur mai etanol kashi 10 yana iya riƙe ruwa kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 kawai. A tanki mai lita uku, wannan bai wuce cokalin cin abinci ɗaya ba. Da zarar an haura haka, sai ruwan ya janye etanol daga fetur su kwanta tare a ƙasa. Sanyi yana rage ƙarfin riƙewar, saboda haka man da ya kwana lafiya a watan Oktoba yana iya rabewa a daren hunturu na Disamba ko Janairu. Bakin tiyo yana ƙasan tanki, don haka wannan kwantaccen ruwa shi ne ke fara isa kafireto. A tanki yana haifar da jar tsatsa, a ƙoƙon kafireto kuma wani farin gari kamar toka, wanda alama ce ta cin jikin ƙarfen. Injin da aka jingine a ɗaki tun watan Yuni da sauran mai a cikinsa, ya sha laimar damina har zuwa kaka, shi ne ya fi zuwa Wunti da wannan ciwo a farkon rani.

Alamomin ganewa

Alama ta farko ita ce warin fetur a wurin da inji ya kwana, da danshi a ƙarƙashin kafireto. A duba daga ina man ke fitowa. Idan daga gefen ƙoƙo ne ko gindin notin da ke riƙe shi, to zoben roba ne ya saki, ba malala ba ce. Idan kuwa daga bakin kafireto ne, ko an tarar da soson matatar iska ya jiƙe da fetur, allura ce ba ta rufewa.

Injin da ya sha mai yana wuyar tashi. In ya tashi sai ya riƙa tari, yana fitar da baƙin hayaƙi ta salansa, ya mutu da an ɗora masa nauyin ruwa. A kwance filogi a duba: zai fito a jiƙe, baƙi, yana warin fetur. Wata gwaji mai sauƙi ita ce a rufe makunnin mai yayin da inji ke wannan tari. Idan bayan ɗan lokaci muryarsa ta washe, ya yi aiki sumul kafin man ƙoƙon ya ƙare, an tabbatar mai ne ya yi masa yawa.

Kafin a ɗora laifi a kan allura, a tabbatar ba a bar cok a rufe ba bayan inji ya tashi, kuma matatar iska ba ta toshe da ƙurar hunturu ba, domin su ma suna kawo baƙin hayaƙi da jiƙaƙƙen filogi. Haka nan injunan da ke da na'urar kashe wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa sukan ƙi tashi idan aka ajiye su a gangaren bakin rafi, kuma yawan jan igiya babu wuta yana jiƙa filogi. A daidaita wa inji zama tukuna.

Bayan haka a buɗe murfin baƙin mai. Wannan mataki shi ne aka fi mantawa da shi, alhali shi ne ke raba ƙaramin gyara da babban. Idan man ya ƙaru har yana kwararowa da an buɗe murfi, ya tsinke kamar ruwa, yana warin fetur, to kada a tayar da injin ko na minti ɗaya. Baƙin mai da fetur ya tsinka ba ya kare ƙarfe daga gogayya, kuma awanni kaɗan na aiki da shi sun isa su cinye zoben fistin da kan sandar da ke juya shi. Idan kuma igiya ta ƙi jawuwa gaba ɗaya, mai yiwuwa fetur ne ya cika silinda. Kada a tilasta mata.

Gwajin mai da kwalba

Kowane malamin gona zai iya wannan gwaji a gaban manoma. A nemi siririyar kwalba ta gilashi mai haske da sirinji. A auna ruwa da sirinjin a zuba, ana yin alama a jikin kwalbar a mililita 10, da 19, da 100. A zubar, a sake zuba ruwa mai tsabta zuwa alamar 10, a cika da fetur ɗin da ake zargi zuwa alamar 100. A toshe, a girgiza sosai, a ajiye a inuwa na minti 10.

Ruwa zai kwanta a ƙasa. Idan ya tsaya a alamar 10, babu etanol ko metanol a man. Idan ya hau zuwa kusa da alamar 19, akwai kimanin kashi 10. Idan ya zarce ta, man ya wuce abin da inji zai jure. Gwajin yana kama sinadaran biyu a haɗe, ba ya bambance su. Ana kuma iya tsiyayar da man ƙoƙon kafireto a cikin kwalba ta hanyar kwance ɗan notin da ke karkace a gindinsa. In man ya fito da gizo-gizo, ko ya kasu hawa biyu, ruwa ya riga ya shiga.

A kiyaye: kada a zuƙi fetur da baki ta tiyo, kamar yadda aka saba. Metanol guba ne, ɗan kaɗan daga cikinsa yana iya makantar da mutum.

Gyara

A yi aikin a fili, nesa da wuta da masu shan taba, bayan inji ya huce. Kayan aiki su ne sufana mai lamba 10, sufanar filogi, sukudireba, tsumma mai tsabta da faranti domin kada ƙananan kaya su ɓace a ƙasa.

A rufe makunnin mai, a kashe makunnin wuta, a cire filogi, a kawar da hularsa nesa da ramin. A buɗe cok, a buɗe totur, a ja igiya sau biyar ko shida domin man da ke silinda ya fice. A goge filogin a bar shi ya sha iska. Wasu sukan gasa shi a wuta don ya bushe da sauri; wannan yana iya tsaga farin tangaran ɗinsa, ban da haɗarin gobara. Tazarar bakinsa ta kasance tsakanin milimita 0.7 da 0.8.

Sai a kwance ƙoƙon tara datti a wanke, a lura da abin da ke ciki, domin shi ne ke ba da labarin tanki. A kwance notin tsakiya a sauke babban ƙoƙon. A zare ɗan ƙarfen da fulota ke lilo a kansa, fulota za ta sauko tare da allurarta. A girgiza fulotar kusa da kunne: in an ji motsin ruwa a ciki, ta huje, sai canji. A dubi tsinin allura a hasken rana. Lafiyayye yana da santsi da kaifi kamar fensir da aka fere. Wanda ya yi zobe a kewaye, ko ya kumbura, ko ya taurare, ya gama aiki, kuma goge shi ba ya maido shi.

Ramin da allura ke zama a ciki, a irin wannan kafireto, haɗe yake da jiki, ba a canza shi. A tsabtace shi da ɗan tsinken auduga na goge kunne da aka shafa wa man goge baki kaɗan, a murza a hankali, sannan a wanke da fetur mai kyau har sai babu saura. A kwance jet ɗin da ke cikin bututun tsakiya a wanke a hura. Kada a zura masa waya ko allurar ɗinki, domin ramin tagulla ne mai laushi, in ya faɗaɗa inji zai riƙa shan mai har abada. A ƙirar GX160 tsayin fulota daga jikin kafireto milimita 13.7 ne, kuma ta roba ba a lanƙwasa ta. In awon bai yi daidai ba, a canza ta tare da allurar.

Kafin a mayar da ƙoƙo a gwada aikin. A sa sabon tiyo mai tsabta a bakin shigar mai, a buɗe makunni, a hura iska da baki. Idan fulota tana rataye iska za ta wuce. A ɗaga ta da yatsa a hankali, iska ta tsaya cak. In har tana tsiyaya, to ramin ya ci, kuma a nan ne kawai sayen sabon kafireto ya wajaba.

A wannan gaɓa ya kamata malaman gona su ja hankalin manoma. An saba da zarar an ga malala sai a sayi sabon kafireto na kwaikwayo a ɗaura, tunda yana da sauƙin samu. Injin zai tashi, kowa ya yi murna. Amma tankin da ya yi tsatsa yana nan, tsohon tiyo yana nan, jarkar da ke da ruwa a gindi ita ma tana nan, don haka cikin mako ɗaya ko biyu sabon ma zai fara zuba. Sau da yawa tsohon kafireto na asali da aka yar ya fi sabon inganci nesa ba kusa ba. Haka kuma murɗa sukurorin da ke jikin kafireto ba ya tsayar da malala, domin ba su da iko a kan allura. Bubbuga ƙoƙo da gindin sukudireba yakan saki allurar da ta maƙale a ƙarasa ban ruwan yini, amma dabarar fita kunya ce kurum.

Saboda haka a sauke tanki, a juye man da ke ciki, a ɗauraye shi da fetur mai kyau har tsatsa ta daina fita, a wanke 'yar matatar da ke bakin fitar mai. A matsa tiyo da yatsa: in ya yi tauri, ko ya yi laushi yana manne wa hannu, a canza shi da tiyon da aka yi domin fetur. Farin tiyo na ruwa ba ya wannan aiki. Mai zuwa sayen allura ko fulota a Wunti ya tafi da tsohuwar a hannu a gwada tsayi da kauri, domin injunan kwaikwayo suna kama da juna a ido amma kayan cikinsu sukan bambanta. Daga ƙarshe a juye baƙin mai gaba ɗaya a zuba sabo, kimanin lita 0.6, a wanke soson matatar iska da ruwa da sabulu a shanya.

Idan za a tayar da inji domin gwaji, ko a shagon bakanike ne, a cika tukunyar famfon da ruwa tukuna. Juya famfo a bushe yana ƙona abin da ke hana ruwa yoyo a bayan farfela, sai a gyara ɗaya a ɓata ɗaya.

Rigakafi

A rufe makunnin mai duk lokacin da aka kashe inji, ko da na zuwa salla ne, musamman kuma kafin a ɗora shi a babur ko amalanke. Girgizar hanya tana sa fulota tsalle, mai ya kwarara cikin silinda ko da allurar lafiyarta ƙalau. Wannan ɗabi'a ɗaya tana kare baƙin mai daga mafi yawan abin da aka bayyana a sama.

Tun bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023, manoma da yawa suna sayen fetur su ajiye saboda gudun canjin farashi. Kada ajiyar ta wuce kwana 30. A sa shi a jarka mai murfi da ke rufewa ruf, a inuwa, a ɗaga ta daga ƙasa mai danshi. Jarka mai lita 20 ba ta buƙatar ruwan da ya kai gwangwanin madara ɗaya kafin man cikinta ya rabe. A riƙa zuba mai ta mazurari da ƙyalle mai tsabta, kuma kada a kwankwaɗe na gindin jarka cikin tanki. Manoman da ke ƙungiya za su fi samun sauƙi idan suka haɗa kuɗi suka saya a gidan mai guda da suka sani, suka gwada da kwalba kafin a raba.

Man da ya riga ya rabe hawa biyu kada a mayar da shi inji, domin na saman ma ya rasa ƙarfinsa, yana sa inji ƙwanƙwasa. Kada kuma a zubar da shi a kwalbati, ko kusa da rijiya, ko a cikin fangali. A ajiye shi a rufe domin wanke kayan gyara.

A wanke ƙoƙon tara datti a canza baƙin mai bayan kowace awa 100 ta aiki, matatar iska kuwa bayan awa 50, ko ƙasa da haka a lokacin ƙura. Idan ruwan sama ya sauka za a jingine inji, a juye tanki sarai, a kwance notin gindin ƙoƙo a tsiyaye ragowar mai, a zubar da ruwan tukunyar famfo. A cire filogi a zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabon baƙin mai a cikin silinda, a ja igiya sau biyu ko uku, a mayar da filogin. Sannan a ja igiyar a hankali har sai an ji ta yi nauyi a tsaya nan, domin a wannan matsayi ƙofofin silinda a rufe suke, laima ba za ta shiga ba. A lulluɓe injin da buhun algarara, a ɗora shi a kan katako a ɗaki marar yoyo.